Lokaci yana ƙare mini a jarrabawar JAMB, ina mafita?

Ƙanwata, kin ce bara kwamfuta ta rufe kina da sauran tambayoyi ba ki taɓa ba, alhali kin san amsarsu. Wallahi abin ya taɓa mini zuciya.

Ki yi lissafi da kanki: tambayoyi 180 ne cikin awa 2, Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne. Ke nan daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Don haka ki fara da darasin da kika fi iyawa, ki tara maki tun hankalinki yana kwance. Tambayar da ta tsaya miki a wuya, ki cire amsoshi biyu da kika tabbata ba su ba ne, ki zaɓi ɗaya cikin sauran, ki danna maɓallin N na zuwa tambaya ta gaba, ki wuce. Ba a rage maki don kuskure, kada ki bar gurbi.

Na ga ɗaliba ta zuba wa lissafi guda ido minti biyar, fensir a baki, agogo yana tafiya.

Tun yanzu, ki riƙa amsa tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanki, kuma a kan kwamfuta in da hali. Allah Ya ba da sa'a.