Zan haihu a asibitin Katolika: za su ɗaure mini mahaifa lokacin tiyata?

Tambaya: Ina zaune a Kakuri, Kaduna, ina da cikin wata bakwai, kuma sau uku ana yi mini tiyata wajen haihuwa. Likita ya ce wani cikin bayan wannan haɗari ne gare ni, ni da maigida mun yarda a ɗaure mahaifar. A asibitin Katolika nake awo. Za su yi mini? Kuma ni Musulma ce, ko akwai abin da za a tilasta mini?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya sauke ki lafiya. Ki kwantar da hankalinki kan batun addini. Asibitocin Katolika, irin su St. Gerard's da ke nan Kakuri ko St. Louis na Zonkwa, suna karɓar kowa. Za ki ga gicciye a bango, ki ga sistocin coci cikin ma'aikata, wataƙila ki ji ana addu'ar safe, amma ba a sharɗanta wa mara lafiya shiga ciki.

Ɗaure mahaifa kuwa, wato ɗaure bututun ƙwai, nan ne mallakar coci take taɓa aikin likita kai tsaye. Asibitin Katolika yana ƙarƙashin bishop ne ko wata ƙungiyar sistoci, kuma koyarwar cocin ce ke shata masa iyaka. A 1968 Fafaroma Paul na Shida ya fitar da wasiƙar Humanae Vitae, wadda ta haramta hana ɗaukar ciki da magani ko na'ura, da kuma tsayar da haihuwa da gangan. Don haka a ƙa'ida ba a ba da ƙwayar tazara, ko allura, ko ashanar hannu, ba a kuma ɗaure mahaifa don hana ciki na gaba, ko da likitan da ke kanki a ransa ya ga dacewar hakan. Abin da suke koyarwa shi ne lissafin kwanakin al'ada da lura da alamomin jiki.

Amma kada ki ɗauka za a zuba miki ido idan rai na cikin haɗari. Idan jini ya ɓalle bayan haihuwa har sai an cire mahaifar, cocin ta yarda a cire, domin cuta ake magani. Haka idan ciki ya zauna a bututun ƙwai, ana cire bututun.

Abin da ya fi damuna a lamarinki shi ne lokaci. Mafi sauƙi a ɗaure bututun a cikin tiyatar haihuwar, ciki na buɗe. Idan ranar ta wuce, sai dai wata tiyatar daban, ko ki koma kan wata hanyar tazara, ga jikin da aka yanka sau huɗu. A awonki na gaba ki tambayi likita ƙarara, gaban maigida: "Za a ɗaure mini a nan ko ba za a yi ba?" Haƙƙinki ne a gaya miki gaskiya. Idan amsar a'a ce, ki nemi takardar tura ki da bayanan awonki, ki kai asibitin gwamnati na Barau Dikko ko na Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada tun yanzu, a sa miki ranar tiyata, ku sa hannu a takardar amincewa kafin naƙuda ta zo.