Amsa ga ƙanena mai son zuwa Katar

Ƙanena, karo na uku ke nan kana turo saƙo in nema maka bizar aikin gini a Doha, har da cewa Baba ya yarda a sayar da gonar fadama. Albashi kake ta tambaya: tun 2021 mafi ƙanƙanta riyal 1,000 ne a wata, ban da kuɗin abinci da na ɗaki. Ba ka taɓa tambayata abin da ke faruwa in mutum ya mutu a bakin aiki ba, ni kuwa shi ne ke ci mini rai.

Wani bawan Allah da muke ɗaki ɗaya ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki cikin watan Agusta. Daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana aiki a rana tsakanin ƙarfe 10 na safe da 3:30, amma ko da la'asar iskar garin nan kamar bakin murhu take. Ni na kwaso takalmansa da gorar ruwansa. A takardar mutuwa aka rubuta zuciya ce ta tsaya, ba a binciki gawa ba.

Wannan layi ɗaya shi ya wahalar da mu. Dokar ƙwadago ta 2004 ta ce in aiki ne sanadi, kamfani zai biya magada diyya, diyyar rai kuwa a nan riyal 200,000 ce. Kamfanin ya kafe a kan cewa ajali ne kawai. Ajali ne mana, wa ya musa? Amma marayu uku ya bari.

Matarsa tana takaba, ba ta san in shekara ta cika ba a nema ba haƙƙin ya faɗi ba. Sai da aka yi takardar gado a kotun shari'a, aka rubuta mini wakilci, aka buga hatimi a Abuja, aka mayar da komai Larabci. Abokan aikinsa biyu suka ba da shaida, gabansu na faɗuwa don tsoron kora. Kwamitin sasanta rikicin ma'aikata ya ba mu gaskiya, kafin kwana 15 su cika kamfani ya ɗaukaka ƙara. Suna da lauyoyi, ni sai in ajiye motar da nake tuƙi in je in zauna a benci. A gida kuma har aka fara raɗa wai na karɓi kuɗin na danne. Wallahi wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin, kuɗin ya shiga hannun matar, kuma ina alfahari da hakan. Sai dai kusan shekara biyu muka yi.

In ka dage sai ka zo, turo mini hoton kwantiragin kafin ka ba eja ko kwabo, ka bar wa Inna kwafi. Gonar kuwa ka ce da Baba kada a taɓa ta, zan kira shi ranar Juma'a.