Abin da ganye ke fitarwa idan rana ta take

Ɗana, tambaya biyu ka haɗa mini. Ka ce me ya sa layin bishiyar turare da ke bayan gandun rainonmu ya fi ƙamshi da azahar fiye da asuba. Sannan ka kawo maganar mai sayen dashen nan, wanda ya ce ya karanta cewa itatuwan Turai masu kaɗe ganye suna fitar da wata iska lokacin zafi mai gurɓata gari, shi ya sa yake ɗari-ɗari da shuka a ƙofar shagonsa. Kai kuma ka rasa amsar ba shi. To, abin da ya karanta gaskiya ne, sai dai rabinsa ya ɗauko. Kuma ƙamshin da hancinka ke ji daban, iskar da yake magana a kai daban.

Bari mu fara da ƙamshin. Ɗauki ganyen turare ka ɗaga shi saitin rana, za ka ga ɗigo-ɗigo masu haske. Ƙananan ma'ajiyai ne cike da mai. Lemo ma haka yake, hano da dashi kuwa a ɓawo suke ajiye nasu cikin ƙaro. Masana suna kiran wannan dangin mai da tarfin. Tunda a ajiye yake, zafi kawai yake jira ya tashi, ko da rana ko da dare. Lissafin da masu awo ke aiki da shi shi ne, duk ƙarin digiri 8 ko kusa da haka, abin da ke tashi yakan ninka. Ka kwatanta asubar da ke digiri 22 da azahar da ke 38: ninki biyu a jere, wato wajen sau 4. Hancinka bai yi ƙarya ba. Wannan ne dalilin da nake hana ka shanya ganyen ƙamshi ko ƙaron hano a rana. Ka yanka da safe, ka baza a inuwa, in ya bushe ka rufe. Wanda ya shanya a kan kwano ya sayar wa iska kayansa, ya kai kasuwa ɓawo.

Ita kuwa ɗayar iskar sunanta isofirin, kuma ita ce babbar. Hanci ba ya kama ta a yawan da take fita. Ganye ba ya ajiye ta, ba ma zai iya ba, don a digiri 34 take tafasa. Nan take yake ƙera ta daga abincin da ya haɗa da hasken rana, nan take kuma ta fice ta ƙofofin numfashinsa. Bishiya mai ma'ajiyar mai tamkar mai kanti ce, kayansa na kan kanta ko yana nan ko ba ya nan. Mai isofirin kuwa mai ƙosai ce, sai da wuta a murhu ake samu. Rana na faɗuwa aiki ya tsaya, ko da daren na zafi ne. Wani masani ɗan ƙasar Jojiya, Guivi Sanadze, shi ya fara gano ganye na fitar da ita a shekarun 1950. Yau ana ƙiyasta cewa tsirran duniya na fitar da kimanin tan miliyan 500 a shekara. Kuma wannan sinadarin ne tubalin roba ta asali da ake tatsa daga itace.

Itatuwan da mutuminka ya karanta labarinsu su ne irin su ok, da fofula, da wilo, masu kaɗe ganye kafin hunturun Turai da Amurka. Su ne gwanayen wannan aiki. Maƙwabtansu irin su mafal da lindin, duk da su ma suna kaɗe ganye, kusan ba sa fitar da ita. Ka riƙe wannan: kaɗe ganye ba shi ke nuna wadda ke fitarwa ba, jinsi ne. Turarenmu ba ya kaɗe ganye, amma yana cikin manyan masu fitarwa, ga mai a ajiye ga isofirin. Dangin ɓaure da durumi da ceɗiya an san su da ita. Awon da aka yi a dazuzzukan Afirka kuma ya sa doka a sahun gaba.

Yanzu ga inda zafi ya shigo, kuma nan nake so ka natsu. Masu awo sukan sa ganye mai rai cikin ɗan akwati, su daidaita haske, su riƙa ɗaga zafi. Ma'aunin da aka yarda da shi tun aikin Alex Guenther da abokansa na 1993 shi ne digiri 30. Daga 20 zuwa 30, isofirin kan ninka fiye da sau 3. Yana ci gaba da hawa har kusan 40, daga nan ya karye, domin sinadarin da ke ƙera shi ya gaji. Abin lura shi ne, haɗa abinci a ganyen itatuwan ƙasashen sanyi yana fara ja da baya tun wajen 30. Wato a daidai lokacin da abin shiga ke raguwa, bishiyar tana ƙara kashewa. A digiri 30 takan zubar da kamar kashi 2 cikin 100 na abin da ta haɗa, in zafi ya tsananta ya wuce haka nesa.

Bishiya ba ta yin asarar banza. A 1995 Thomas Sharkey da Eric Singsaas suka nuna cewa ganyen da ke da isofirin ya fi jure bugun zafi na ɗan lokaci, irin wanda ke samun ganyen ƙololuwa in iska ta tsaya cak kuma gajimare ya yaye. Ni wannan bayani ya kwanta mini, don na ga yadda ganyen sama ke shan wuya. Kar ka manta zafin da rediyo ke faɗa na iska ne a inuwa. Ganyen da rana ta dafe yakan fi iskar da ke kewaye da shi zafi da digiri da dama. Wanda ke samun ruwa yana zufa ya huce. Wanda ka bari da ƙishi ya rufe ƙofofinsa ya ɗau zafi, kuma isofirin ba ya tsayawa don ƙofa ta tsuke, sai fari ya yi tsanani sosai. Bishiya tana kuma tuna kwanakin baya: in ta kwana uku huɗu cikin zafi, abin da take fitarwa a digiri 30 ya fi na wadda ta fito daga sanyi. Sabon toho kuwa sai ya ƙosa kafin ya fara.

To ina ɓarnar? A daji babu wata ɓarna ta a zo a gani. Wani kaso na irin wannan tururi yakan koma ƙura mai laushi a sama, har masanin tsirrai Frits Went ya rubuta a 1960 cewa ita ce shuɗin hazon da ake gani a kan duwatsu masu daji, irin na gabashin Amurka. Matsala sai ta haɗu da hayaƙin mota da janareta a ƙarƙashin rana mai zafi. Su ukun ne ke haifar da ozon a ƙasa-ƙasa, iskar da ke ƙona maƙogwaro, ta tayar wa mai asma, ta kuma ɓata ganyen amfanin gona. A 1988 William Chameides da abokansa suka nuna cewa a birnin Atlanta na Amurka, mai yawan itatuwan ok, ba za a gane hazon birnin ba sai an sa na itatuwa a lissafi. Wani bincike kan tsananin zafin da aka yi a Balin, babban birnin Jamus, a Yulin 2006 ya gano cewa a kwanakin da suka fi zafi, gudummawar tsirrai ga ozon ta kai kusan kashi 60 cikin 100. Amma cire hayaƙin injin daga wannan lissafi, ozon ɗin ba ya haɗuwa. Bishiya ta riga mota zuwa.

Akwai kuma bambancin da mai karanta labarin Turai ba zai lura da shi ba. Can, watannin zafi su ne watannin da ganye ya cika, Yuni zuwa Agusta, don haka zafi da ganye suna haɗuwa. Nan kuwa dubi Maris da Afrilu, lokacin da Sakkwato da Maiduguri ke haura 40: kuka tsirara take, hano da dashi ma haka. Ba ganye, ba isofirin. Ƙamshin da kake ji a gindin hano a bazara daga ɓawo yake. Ganyensu na cika ne da damina, sa'ad da zafi ya sauka. Gawo ne ya saɓa, shi da rani yake ado. Waɗanda ke riƙe da ganye cikin bazara, irin su turare, su ne ke aiki a ganiyar zafinmu.

In mutumin ya dawo, ka gaya masa bishiya ɗaya ko biyar a ƙofar shago ba za su canza iskar unguwa ba, inuwarsu kuwa za ta sanyaya bangonsa da ƙasar wurin tun shekarun farko. Inda nake sa ido shi ne kwangila babba, a ce dashe dubbai a gefen tashar mota ko titi mai cunkoso. A nan ba na jera turare zalla. Turare a kai shi shingen tare iska a bayan gari, inda hayaƙi ba shi da yawa, cikin gari kuma a gauraya iri-iri, tsamiya nan, maɗaci can. Ka kuma sa masa sharaɗin ban ruwa a bazarar farko da ta biyu, da yamma ko da sassafe, ya rufe gindin da ciyawa don danshi ya daɗe.