Filin da aka bari a tsakiyar unguwa, asara ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. A unguwarmu nan Maradi, da aka yi lotisma, wato yankan filayen gini, an ware wani babban fili an ce na shan iska ne. Yau ya zama juji. Ba gara a yanka shi a sayar wa masu neman wurin gini ba? In don inuwa ne, ai kowa na da dogon yaro a ƙofar gida.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Jujin abin takaici ne, amma ana iya kwashe shi cikin mako guda. Filin da aka zuba wa siminti kuwa ya tafi ke nan.

Babban aikin filin nan shan ruwa ne, kafin ma a zo maganar shan iska. Ambaliyar 1945 ce ta ci tsohon garin Maradi a fadamar Gulbi, har aka hau da gari bisa tudu. Tudun nan rairayi ne, da can yana shanye ruwan sama kusan inda ya sauka. Yanzu rufin kwano da daɓen siminti da kwalta sun rufe shi. Ruwan da ya rasa mashiga sai ya bi titi da ƙarfi yana neman Gulbi, ya yanke hanya, ya ci gindin katanga, ya bar kwazazzabo. Wanda ya ga daminar 2024 a garin nan ba ya buƙatar a yi masa bayani. Duk filin da ke da ciyawa da saiwoyi yana rage wa unguwar da ke gangare wani kaso na wannan ruwa.

Dogon yaro kuma ba na raina shi, ya rufa wa garuruwanmu asiri a zafin bazara. Sai dai baƙo ne daga Indiya, ƙarƙashinsa ba abin da ke tsirowa sosai, kuma gari mai itace iri ɗaya cuta ɗaya ke iya gamawa da shi. Gawo yana zubar da ganye da damina ya bar ciyawa ta samu rana, ya yi inuwa da rani, awaki su ci ƴaƴansa. Aduwa da magarya da kanya da tsamiya suna ciyar da tsuntsu da zuma da yaran unguwa, kuma in sun kafu ba su jiran a ba su ruwa.

Abin da ke ci mini rai shi ne ilimin nan namu ne. A karkarar Maradi aka faro sassabin zamani wajen 1983: manomi ya bar kututture ya toho, ya zaɓi rassa masu ƙarfi ya rage saura. Da haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Amma da gari ya cimma gona, sai a tuge gawon da ya shekara 40, ranar 3 ga Agusta, ranar bikin dashen itatuwa ta ƙasa, a dasa ɗan tsiro wanda akuya za ta cinye kafin kaka.

Filin ba zai tsare kansa ba. Zoben itatuwan da aka fara yi wa Yamai a 1965, gine-gine sun ci babban ɓangarensa, kaɗan-kaɗan. Ku je da mai unguwa ma'aikatar magajin gari ku nemi taswirar lotisman, a kafa alamun iyaka kowa ya gani. Ku kwashe sharar kafin ruwan farko, ku duba kututturan da ke tohowa ku kewaye su da ƙaya, sannan ku nemi irin gawo da aduwa wajen ma'aikatan gandun daji don cike gurbi.