Amsa ga mai shirin zuwa kurmin Kuros Riba daga Katsina

Malam, ka ce daga Katsina za ka tashi zuwa kurmin Kuros Riba, kana tambayar lokacin da ya dace da abin da za ka riƙe.

Ka tafi tsakanin Disamba da Fabrairu. Damina can takan kai Nuwamba, hanyoyin daji su koma taɓo zalla. Gandun dajin ƙasa na Kuros Riba, wanda ke cikin kurmin, an kafa shi a 1991, ɓangare biyu ne, Oban da Okwangwo. Ka sauka Kalaba, ka wuce ofishin ma'aikatan gandun da ke Akamkpa a ba ka izini da ɗan rakiya. Kada ka kuskura ka shiga kai kaɗai. Bishiyoyi sun rufe sama, ko alƙibla sai da kamfas, sabis ɗin waya kuma sai an dace.

Abin da ya fi wahalar da mutanenmu shi ne danshi. Zufa ba ta bushewa. Rigar da ka wanke yau, jibi ma da lemarta, kilishin guzuri kuwa ya yi fumfuna in ba ka ƙulle shi a leda ba. Bar silifa a masauki, nemi doguwar sau-ciki, ka cusa ƙafar wando cikin safa saboda kwarkwasa da matsattsaku. Ruwan rafi sai an tafasa. Naman daji kuwa ƙyale shi.

Ka ga likita tun a gida: rigakafin shawara ana yinsa aƙalla kwana 10 kafin tafiya, shi ne kuma zai zaɓa maka maganin zazzaɓin cizon sauro. Gidan sauro dole ne.

Goggon birin nan da ake labari, kada ka sa rai, ma'aikatan gandun ma da ƙyar suke ganinsa.