Tsallen Gwangwala: Kalmomin Kafa Sanda da na Rabuwa da Ƙasa

Wani malamin wasannin motsa jiki ya rubuto yana neman sunan da ya dace da wasan nan da ɗan wasa ke sheƙowa a guje riƙe da doguwar sanda, ya kafa ta, ta ɗaga shi ya tsallake wata siririyar sanda da aka gitta can sama. Ya ce ya ji masu cewa tsallen-badake da masu cewa tsallen gwangwala, kuma yana son kalmomin da zai riƙa faɗa wa ɗalibansa game da lokacin da ƙafa ke rabuwa da ƙasa.

Batun suna ba mai tsawo ba ne. Tsallen-badake ya riga ya zauna a kan tsallake shingaye cikin gudu, saboda haka a bar masa aikinsa. Tsallen gwangwala ya fi dacewa, kuma wanda ya ce tsallen gora yana da hujja a tarihi, domin da gora Cornelius Warmerdam na Amurka ya tsallake mita 4.77 a shekarar 1942, kafin sandunan zaren gilashi masu tanƙwaruwa su mamaye wasan a farkon shekarun 1960.

Inda maganar take da nauyi shi ne wajen aikatau, domin abin da malami ya furta shi jikin ɗalibi zai aikata. A ƙarshen layin gudu akwai wani rami mai gangara da ake kira akwati, tsawonsa mita 1, zurfinsa a can ƙurya santimita 20. Ɗan wasa yana sauke bakin sandar sannu a hankali tun yana gudu, sannan a taku uku na ƙarshe ya ɗaga hannuwansa sama da kai, bakin ya zame cikin akwatin. Wannan shi ne kafawa, kuma kalmar ta dace, tunda abin da aka kafa ana nufin ya miƙe tsaye. Amma ina roƙon malam ya guji cewa "dogara da sandar". Bahaushe yana dogara ne idan ƙafa ta gaza, ya miƙa nauyinsa ga wani abu. Ɗalibin da ya ji wannan umarni zai saki jiki ya rataye tun kafin ya yi tsalle, ƙugunsa ya zarce gaba, sandar kuwa ta ƙi miƙewa.

Kalmar da nake ba da shawara ita ce "daka tsalle". A cikin daka akwai bugun da ke sauka ƙasa da ƙarfi ya kuma taso nan take, kamar yadda taɓarya ke yi a turmi, kuma haka ake son ƙafar tashi ta yi. Mai amfani da dama yana riƙe saman sanda da hannun dama, ya tashi da ƙafar hagu. Takunsa na ƙarshe yakan ɗan fi wanda ya gabace shi gajarta, domin tafin ƙafa ya sauka ƙarƙashin jiki da sauri, ba ya miƙa gaba ya zama birki ba. A wannan ƙiftawar ido, hannun dama yana miƙe sarai, ƙafar hagu tana daidai ƙarƙashinsa, ƙirji yana gaba, gwiwar dama ta cilla sama, ƙafar hagu kuma da zarar ta bar ƙasa a bar ta a miƙe a baya, ba tare da an jefa kai baya don leƙen abin da za a tsallake ba.

Idan ƙafar ta zarce wannan wuri ta matso kusa da akwati, bakin sanda zai bugi bangon akwatin alhali mutum yana nan a ƙasa. A nan Hausa ta bambance abu biyu sarai: ko dai mutum ya tashi, ko kuma a fizge shi. Mai tashi shi ne mai aikin. Wanda aka fizga kuwa ya rasa saurin da ya tara, kafaɗarsa da bayansa su sha wahala. Vitaly Petrov, wanda ya horar da Sergey Bubka, a kan wannan ya gina koyarwarsa, wato ƙafa ta bar ƙasa kafin sanda ta karɓi nauyin jiki. Bubka ne ya fara tsallake mita 6, a birnin Paris a 1985.

Wata mai karatu kuma ta tambaya ko karin maganar nan, "ja da baya ga rago ba tsoro ba ne", ta dace da wannan wasa. Ma'anarta ita ce janyewar mai ƙarfi shiri ce, ba gazawa ba. Ta dace da farkon lamarin, domin manyan 'yan wasa sukan ja baya kimanin taku 18 zuwa 20, a kan layin da doka ta ce kada ya gaza mita 40. Sai dai rago yana ja da baya ne don ya yi karo, mai tsallen gwangwala kuwa karo da akwati shi ne abin da yake gudu. Wadda ta fi kama gaskiyar wasan a ganina ita ce "Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta", tunda ƙwararren mai horarwa yakan gane makomar tsalle daga gudu da tashi. Armand Duplantis na Suwidin, wanda ya tsallake mita 6.30 a Tokyo a 2025, ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 10.37 a Zurich a 2024, abin da ke nuna muhimmancin gudu a wannan wasa.

Saura kalmar saukowa. Kada malam ya ce wa ɗalibi "dira", domin mai dira da ƙafafu yake sauka, kuma sauka a tsaye kan katifa daga irin wannan tsayi yana jawo targaɗe ko karaya. Abin da zai ce shi ne ɗalibi ya faɗa rigingine a tsakiyar katifa.