Gem ɗin dabarun yaƙi ko RPG, wanne zan fara?

Malam, ka ce laftof ɗinka ba ta da ƙarfi sosai kuma kana so ka san wanne za ka fara tsakanin gem ɗin dabarun yaƙi da RPG, wato irin gem ɗin da kake zama jarumin cikin labari kana tafiyar da shi. Ni dai wallahi na dabarun yaƙi zan ce, ka nemi Age of Empires II na 1999, tsohuwar kwamfuta ma tana jansa lafiya lau. Yawanci da 'yan ƙauye uku kacal ake farawa, ka tura wannan saran itace wancan yankan tumaki, kana can kana lissafin zinare da abinci kafin ka ankara maƙwabci ya turo mahaya sun ragargaza maka gonaki, dole kai ya yi aiki. Nan fa daɗin yake.

In ka canza na'ura ka gwada Age of Empires III: Definitive Edition, a 2021 sun saka Hausawa cikin ƙarin The African Royals, ranar da na gani na ji daɗi ba kaɗan ba.

RPG irin Skyrim akwai labari mai jan hankali, ba ƙarya, amma yana cin lokaci da caji, sai kana tsakiyar kogo a ɗauke wuta. Ka bar shi sai hutu.